Umara da ɗan goyo da 'yar shekara uku: a tafi da su ko a bar su?

Wata 'yar uwa ta aiko da tambaya tana cewa: "Assalamu alaikum Anti. Ni da maigidana mun yi niyyar Umara a watan Nuwamba. Muna da yaro mai shan nono, lokacin zai cika wata takwas, sai yayarsa 'yar shekara uku. Surukata ta ce mu bar mata su duka, wahala kawai za su sha. Maigida kuma ya ce ba za a raba yaro da nono ba. Ni ban taɓa shiga jirgi da yaro ba. Me kika gani?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya karɓi niyya. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin yara, kuma na je Umara da goyo, na sake zuwa da mai gudu da ƙafarta, don haka abin da zan faɗa miki rabi daga asibiti ne, rabi daga abin da gumina ya koya mini.

Hajiya tana da gaskiya, maigida ma yana da gaskiya, sai dai kowa a kan yaro daban yake magana. Mutane suna ɗauka jariri ne wahalar tafiya. Ba shi ba ne. Ɗan wata takwas abincinsa yana jikinki, gadonsa bayanki, inda kika ajiye shi nan za ki same shi. Ki bar shi mako biyu kuwa, kin yi masa yaye babu shiri, ke kuma nono ya cika ya yi tauri ya saukar miki da zazzaɓi a gaban Ka'aba, kafin ki dawo ya ja baya. 'Yar shekara ukun ita ce aikin. Ta yi nauyin da ba za ki goye ta awa biyu ba, ƙafarta kuma ba ta kai ta yi sa'ayi ba, ga ta da "a'a" a baki, ga saurin ɓacewa. Idan ta saba da kakarta, tana kwana wurinta ba kuka, to barin ta a gida babu laifi a ciki, kin kuma faranta wa Hajiya rai da rabin abin da ta nema. Idan za a tafi da ita ma za a iya, amma ku sani tun daga gida ibadarku za ta koma karɓa-karɓa, kuma sallolin da za ki yi a ɗakin otal sun fi waɗanda za ki yi a harami yawa.

Abin da zan roƙe ku shi ne ku ɗaga tafiyar daga Nuwamba zuwa Janairu. Dalilina ƙyanda. A jadawalin rigakafin Najeriya, sai yaro ya cika wata tara ake yi masa allurar ƙyanda da ta zazzaɓin shawara. Ɗan wata takwas yana cikin tazarar da ta fi ba ni tsoro: kariyar da ya samo daga jikinki ta kusa ƙarewa, tasa kuma ba ta fara ba. Ƙyanda a iska take yawo, mai ita zai bar wuri ta zauna a iskar har wajen awa biyu, kuma za ki kai shi inda mutanen duniya duka suke numfashi a fuskar juna. Idan ya cika wata tara a Disamba aka yi masa, aka ba jikinsa mako biyu zuwa uku, kun shiga Janairu ke nan da kwanciyar hankali. Lokacin an koma makaranta, cunkoson hutun ƙarshen shekara ya ragu, zafi kuma bai taso ba. Idan tikiti ya riga ya ɗaure ku ba halin ɗagawa, ki je wurin likitan yara ki ce a yi masa allurar ƙyanda ta wuri. Ana yin ta daga wata shida ga yaron da zai yi tafiya, sai dai ba ta shiga lissafi, dole a sake ta wata tara yadda aka saba. Ita ma yayar ki buɗe katinta ki duba ko an yi mata ƙyanda ta biyu, ta wata goma sha biyar. Iyaye da yawa daga wata tara suke ninke kati su jefa a ƙasan akwati.

Sai sanƙarau. Saudiyya tana neman shaidar allurar sanƙarau mai nau'i huɗu, wadda ake rubutawa ACWY, ga duk mai zuwa Hajji ko Umara daga shekara ɗaya zuwa sama, kuma a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Ba don takura ba ne. A Hajjin shekarar 2000 nau'in W ya ɓarke a cikin alhazai, suka koma da shi ƙasashensu ya kama iyalansu, daga nan aka ƙara tsananta dokar. Kada ki ce ai an yi wa yarinyar ta sanƙarau tana jaririya, wadda aka daɗe ana yi a asibitocinmu a wata tara nau'in A kaɗai take karewa. Shi ƙaramin dokar ba ta hau kansa ba, amma cutar ba ta duba doka, kuma akwai irin allurar da ake iya yi wa wanda bai shekara ba, ki tambayi likita. Katin shawara, wanda muke ce wa yalo kad, a ofishin lafiya na filin jirgi ake karɓarsa, yana fara aiki bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ki tabbata an yi allurar da gaske. Na san ana sayar da kati babu allura, wanda ya saya wa ɗansa irin wannan kansa ya cuta. Na shan-inna kuma ki riƙe shaidarsa a hannu, an sha ɗiga wa mutanenmu shi a filin jirgin Jidda, manya da yara. Kowace shekara ma'aikatar lafiyarsu tana fitar da sharuɗɗa, ki sa ejan ɗinku ya turo miki na bana a rubuce.

Tambaya ɗaya da ba ki ambata ba: kin san rukunin jininsu? Idan akwai mai sikila a cikinsu, maganar ta canza gaba ɗaya. Iskar cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba, kamar mutum ne ya hau dutse mai tsayin mita dubu biyu, ga bushewa, ga sanyin esi, ga gajiya. Duk abin da ke tayar da ciwon ya haɗu a wuri ɗaya. Irin wannan yaron ba ya hawa jirgi sai likitansa ya gan shi, ya duba jininsa, ya rubuta takarda.

Takardu ba su da wuyar fahimta, jinkirinsu ne matsala. Kowane yaro da fasfonsa da bizarsa, ko ɗan kwana arba'in ne. Za a nemi takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, da takardar amincewar iyaye, kuma fasfon yara na shekara biyar ne. Ku fara yau. Tikitin wanda bai kai shekara biyu ba yawanci kashi 10 ne cikin ɗari na kuɗin babba, saboda a cinya zai zauna. Yayarsa kujera za a saya mata, ragin kaɗan ne. Da an yanki tikiti ki sa a nema miki kujerar gaba mai bango, inda ake maƙala ɗan gadon jarirai. Gadajen ba su da yawa, wanda ya riga nema shi ke samu, kuma suna da iyakar nauyi, wajen kilo goma zuwa sha ɗaya gwargwadon kamfani.

Daga Kano zuwa Jidda kai tsaye tafiyar wajen awa biyar ce. Ta Addis Ababa ko ta Alƙahira takan fi araha, amma da jiran canjin jirgi sai ta cinye yini. Da yara biyu, wannan arahar tsada ce. Idan kuma da hali ku fara sauka Madina. Wanda ya nufi Makka ta Jidda tun a sama yake ƙetare miƙati, wato da harami a jiki zai sauka, ya bi layin shige da fice, ya shiga mota, ya isa da yara a galabaice, ga Umara tana jiransa. Wanda ya fara da Madina zai huta kwana uku huɗu, yara su saba da wurin, sannan a ɗauki harami a Zul-Hulaifa, miƙatin Madina, a natse. Tsakanin biranen biyu akwai jirgin ƙasa mai sauri tun 2018, kilomita 450 cikin ƙasa da awa biyu da rabi, da banɗaki da wurin miƙe ƙafa. A bas awa biyar ne ko shida. Sai dai jirgin ƙasan yana da ƙa'idar kaya, ba ya son manyan jakunkunan tsaraba.

A cikin jirgin sama, kukan da jarirai ke tsalawa yawanci kunne ne. Akwai wata siririyar hanya tsakanin kunne da maƙogwaro da ke daidaita iska, ta yara ƙarama ce, haɗiya ce ke buɗe ta. Saukowa ta fi tashi ciwo, kuma jirgi yana fara saukowa kamar rabin awa kafin ya taɓa ƙasa. Kuskuren da iyaye mata ke yi shi ne su ƙosar da yaro tun ana tsakiyar tafiya, lokacin da ake buƙatar ya tsotsa sai ya kau da kai. Ki ɗan ja masa rai, da kin ji kunnenki ya fara toshewa ki sa masa nono. Yayar ki ba ta ruwa ta riƙa kurɓa. Kuma don Allah, ko wace ce ta ba ki shawarar ki ɗura musu Piriton ko Phenergan su yi barci, ki yi mata godiya ki wuce. Phenergan an hana ba wanda bai kai shekara biyu ba saboda yana iya danne numfashi, irin waɗannan magunguna kuma wani yaron maimakon barci sai su birkita shi, ki kwana kina bin sa tsakanin kujeru. Jakar hannunki ta ɗauki famfas na yini biyu, kayan canji nasu da riga ɗaya taki, don amai ba ya sallama, da rigar sanyi da safa. Madarar jariri da abincinsa ba sa cikin dokar hana shiga da ruwa, ki dai fito da su a nuna a wurin bincike.

Yanzu ga inda nake so ki saurare ni da kyau, ki kuma karanta wa maigida. Duk kuɗin da kuka ware na tsaraba, ku rage rabi ku zuba a masauki. Ejan zai ce miki "minti biyar ne zuwa harami". Ki tambaye shi sunan otal ɗin, ki buɗe taswira a wayarki ki auna da kanki, ki kuma tambaya ko hanyar hawa ce, don Makka gari ne na duwatsu, mita 600 a kan tudu da goyo da yarinya a hannu ba mita 600 ba ne. Masaukan da sai an hau bas, irin na Aziziyya ko Kudai, suna da kyau da araha ga mutum shi kaɗai. Da yara, bayan sallar isha'i za ki tsaya a turmutsutsun shiga mota kina kare kan jariri da gwiwar hannu. Ko a otal na kusa ma akwai abin da ba mai faɗa miki, wato lifta. Na taɓa tsayawa a hawa na goma sha huɗu da goyo, lifta ta buɗe sau shida a cike maƙil, ina ji aka tayar da sallar magariba aka sallame ban sauka ba. Daga ranar na koma fita awa ɗaya kafin kiran salla, ko in yi zamana in yi a ɗaki. Ku roƙi hawa na ƙasa-ƙasa tun wurin karɓar makulli.

Umarar kanta ku yi ta ɗaya bayan ɗaya idan da yayar aka zo. Maigida ya je ya gama ya dawo ya karɓi yara, ke ki tafi da matan ayarinku bayan kin shayar da ƙaramin ya ƙoshi. Idan kuna son yi tare, ku zaɓi tsakar dare, ku hau bene. Askarawa ba sa barin keken yara a farfajiyar Ka'aba, a sama ne ake bari, shi ma in cunkoso ya yi yawa sai su hana. Ɗawafin sama ya fi tsawo nesa ba kusa ba, amma akwai sarari da iska. Safa da Marwa sau bakwai ya kai kilomita uku, ba tafiyar 'yar shekara uku ba ce, a tura ta a keke. Mu da muka saba goyo a baya, a nan ki juya shi gaba, a ƙirjinki, fuskarsa a buɗe. A baya ba kya ganin wanda ya matse shi, ba kya ganin hijabi ya rufe masa hanci. Hajarul Aswad kuwa ki yi masa nuni daga nesa, ko kusa da layin kada ki je da yaro. Game da yi wa yaran niyya, ya tabbata a hadisi cewa wata mata ta ɗaga yaro ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko wannan yana da Hajji, ya ce eh, ke kuma kina da lada. Yadda ake yi musu harami da hukuncin ɗawafi da yaro mai famfas, wannan fagen malamai ne, ku zauna da malaminku kafin ku tashi.

Ɓata ya fi komai saurin faruwa. Tawa ta ɓace mini a Madina, ana sallame la'asar. Na juya in ɗauki takalmi, na waiwayo babu ita. Ta bi wata mata ne mai baƙar abaya irin tawa, a tsayinta ai duk gwiwoyi iri ɗaya ne. Minti bakwai aka yi kafin wata mai gadi ta ɗago ta sama tana kuka, ni kuwa na ji kamar an shekara. Tun daga nan nake sa wa yaro kaya mai launin da ke ihu, ja ko ruwan lemo, in ɗauke shi hoto kowace safiya da kayan ranar, in sa masa katin otal a aljihu. A ƙofofin harami ana raba wani awarwaro na yara da ake rubuta lambar waya a jiki, ki karɓa ranar farko, ki rubuta lambar layin Saudiyya da ke aiki, ba ta gida ba. Lokacin salla, in ba wanda zai riƙe ta, ki ɗaura gefen mayafinki a hannunta.

Rashin lafiya kusan dole ne, mura da tari dai sai wanda Allah ya tsare. Ana fita daga zafi a shiga sanyin esi sau goma a yini. Ki rage esin ɗaki, ki yawaita ba shi nono, ki riƙe ruwan gishirin ɗiga wa hanci. A Janairu daren Madina da asubarta akwai sanyi sosai, ki tafi da hula da bargo kamar na hunturun gida. Ki auna nauyin kowannensu kafin tafiya, don da nauyi ake ba da farasitamol, miligiram 15 ga kowane kilo, ba fiye da sau huɗu a yini ba. Yaro mai kilo takwas, miligiram 120 ke nan, wato mililita biyar na ruwan maganin da aka rubuta 120 a cikin 5. Ki sa ma'aunin zafi a jaka, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti, da zinc, ƙwaya mai miligiram 20 kullum har kwana goma idan gudawa ta zo. Maganin tari mai kodin ko tiramadol kada ya kusanci kayanku, can babban laifi ne, kuma kada ku karɓi saƙon kowa a filin jirgi komai kusancinku.

Abin da likitan can zai iya mantawa ke kada ki manta: yaron da ya baro Najeriya zai iya tafiya da zazzaɓin cizon sauro a jikinsa, ya fito bayan mako ɗaya ko biyu. Idan jiki ya yi zafi, ki faɗa da bakinki cewa daga Najeriya kuke, a gwada maleriya. Idan kuwa kika ga numfashi da sauri haƙarƙari yana lotsawa, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko wuya ya sanƙare, ko ya yi awa shida famfas a bushe, ba zancen kemis ba ne, asibiti za ki nufa ko da ƙarfe uku na dare. Akwai asibitin gaggawa na Ajyad dab da haramin Makka, lambar motar asibiti 997, kuma bizar Umara tana haɗe da inshorar lafiya ta gaggawa, ki sa ejan ya fitar miki da takardar.

Abinci ba zai ba ki wahala ba. Famfas, madara, Cerelac, ayaba, yogot, duk suna nan a shagunan da ke kewaye da harami, kada ki cika akwati da su. Garin kununsa da ya saba da shi dai ki ƙullo. Ruwan haɗa madara a tafasa shi ko na roba ne. Zamzam ɗan wata tara zai iya kurɓa, ki ɗebo daga wanda aka rubuta ba sanyi, a kofi sabo. Dabino a cire ƙwallo a mitsittsike, zuma kuma sai ya shekara. Wurin ziyara direbobi sukan tsaya a garken raƙuma ana tatsar nono ana sha a take. Ku kalla daga mota. Cutar numfashin nan ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012 daga raƙuma take, ɗanyen nono kuma yana da nasa cututtukan.

Lokutan da ba zan ba ki shawarar zuwa da yara ba ko kyauta ne: goman ƙarshe na azumi, da watannin Yuni zuwa Satumba. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu, manya masu ƙarfinsu. Jikin jariri ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, kuma ba zai ce miki yana jin ƙishi ba.

Ita Hajiya, kada ki kai mata maganar a matsayin an ƙi shawararta. Ku je tare da maigida, shi ya yi bayani, ya ce likita ta ce a jira allurar wata tara, ƙaramin zai bi nono, babbar kuma ga ta nan amana. Kafin Janairu ki fara kai yarinyar tana kwana ɗaya biyu a can, ki ga yadda take tashi da safe. Idan ta saba, shi ke nan. Idan kullum da kuka take kwana har mako na uku, sai a fara neman fasfo biyu.